Jar Laka a Tayar Mota

A tashar mota kowa Soso yake ce masa, shi ma ya daɗe da daina musu. Mai wankin mota ne, wurinsa yana can ƙarshen tasha kusa da famfo, bayan rumfar mai facin taya. Kayan aikinsa bokiti ne da buroshi mai doguwar ƙota, sai wani tsohon tawul da ko shi kansa ba zai iya tuna launinsa na asali ba. Tafin hannunsa kullum fari fat, a yamutse.

Da rani aikin ba wuya, ƙura ce, a watsa ruwa a goge. Damina ita ce kasuwarsa, kuma ita ce ba ya ƙauna. Motoci sukan shigo caɓa-caɓa, direbobi na tsine wa hanya, fasinjoji na sauka da jiƙaƙƙun kaya da kumburarrun ƙafafu, kowa rai a ɓace. Shi kuwa kafin ya taɓa bokiti sai ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin mota. Baƙar laka mai danƙo ta hanyar fadama ce. Mai yashi-yashi ta babban titi ce, inda ruwa ya cinye kwalta. Wadda yake nema ja ce wur, kuma a hanyar garinsu kaɗai ake samunta, sai an tsallake kogi.

"Wai me ka ajiye a ƙarƙashin motocin mutane ne?" in ji mai faci. "Ko ce maka aka yi ta nan arziki zai ɓullo?"

Soso sai ya yi murmushi ya kama aikinsa yana fito. Fiton nan guda ɗaya ne, bai taɓa sauya shi ba, har direbobi sun haddace.

A can garin matarsa take da 'yarsu tilo, wadda suke kira Yayyafi domin ana yayyafi aka haife ta. Da rani yakan leƙa su a kai a kai. Amma da zarar ruwa ya zauna, kogi yakan haure gada, hanya ta rufe, sai dai haƙuri. Bana abin ya wuce na kullum, ruwan farko-farko ne ya yi awon gaba da gadar baki ɗaya. Ya baro yarinyar tana fara harhaɗa magana, tun daga nan bai sake sa ta a ido ba.

Sai waya, ita ma sai matar ta hau tudun bayan gida kafin ta kama. Takan kara wa yarinyar a kunne, shi kuma ya yi ta kiran sunanta, daga ƙarshe ya yi mata fito. Wata rana matar ta ce masa tana dariya, "Ka ji 'yarka? Jiya kawunta ya shigo ta ce masa Baba."

Shi ma ya yi dariya, don kada ta gane. Amma maganar ta ci masa rai ƙwarai. Ranar ya bar kumfa ta bushe a gilashin wata bas, direban ya yi ta faɗa, ko ɗaga kai bai yi ba. Tsoronsa ke nan, kada ya koma gida 'yarsa ta dube shi kamar baƙo.

Ya taɓa gwada tafiya. Ya bi wata babbar mota har bakin kogin, ya tarar da ruwa yana gudu da itatuwa da jijiyoyinsu, masu kwalekwale sun ja jiragensu sun ɗaure. Ya tsaya yana hangen jar ƙasar tsallake har hadari ya sake haɗowa, sannan ya juyo. Da ya dawo, mai faci bai tsokane shi ba, kujera kawai ya tura masa.

Ruwa ya fara ja da baya, ana yini biyu babu ko ɗigo. Wata rana da hantsi wata ƙaramar motar kaya ta shigo tana tari, ta tsaya daidai famfo. Soso ya durƙusa kamar yadda ya saba, sai ya yi arba da lakar. Ja ce, tun daga taya har ƙofa.

"Direba, ta ina ka biyo?"

"Ta mashigi. Ruwa ya ja, amma sai da kowa ya sauka aka tura ta. Kai dai zagaya baya, akwai saƙonka."

Matarsa ce ke saukowa, zane duk laka, yarinyar a hannunta. Ta dire ta a ƙasa. Yayyafi ta yi tsawo, har an yi mata kitso. Soso ya buɗe hannuwa, yarinyar ta dubi fararen tafukan nan, ta ruga bayan uwarta ta ƙanƙame zane.

"Ke, babanki ne fa!"

"Ƙyale ta," in ji Soso.

Ya sunkuyar da kai, sai idonsa ya sauka a kan ƙafafun yarinyar, jar laka har idon sawu. Ya jawo bokiti, ya durƙusa, ya kama ƙafa ɗaya a hankali ya fara wankewa. Bai ma san lokacin da fiton ya fito daga bakinsa ba.

Yarinyar ta kasa kunne. Ta leƙo ta dube shi, ta ɗaga kai ta dubi uwarta.

"Inna, mutumin cikin waya ne."

"Shi ne," in ji uwar.

Fiton ya katse. Yayyafi ta saki zanen, ta dafa kafaɗarsa, ta miƙo masa ɗaya ƙafar.