Allon da ya hau mota zuwa Dapaong

Shekara biyu da mutuwar aurenmu, sau ɗaya tak na sa 'yata a ido. Tana unguwar Didaouré wurin ubanta, mahauci ne a Sokodé, ni kuwa na koma gidanmu a Dapaong ina suyar ƙuli-ƙuli. Duk hutun lekol, wato makarantar boko, in na buga waya a turo mini ita, amsar ɗaya ce: karatun allonta zai lalace. Ji fa! Sai ka ce a Dapaong ba mu san alif ba.

Da abin ya ishe ni na hau mota har Sokodé. Ƙofar gidansa ko kallo ban yi ba, na zarce zauren malamin yarinyar, tsohon da ya ɗaura mana aure. Ya aika aka kira uban. Ya shigo yana goge hannu a riga.

"Malam, in ta yi wata biyu a can, wallahi kome zai zube," in ji shi.

Ban san sa'ad da baki ya ƙwace mini ba. "Ni na haife ta, ba a kasuwa ka sayo ta ba!"

"Ya isa, 'yata," in ji Malam. Ya sa aka ɗauko allonta, ya nuna inda ta tsaya. "Za ta tafi da shi. In ta dawo da ƙarin sura biyu, kowane hutu na uwa ne. In ta koma baya, ka yi gaskiya."

Uban ya amince da sauri, don ya san karatuna bai wuce na salla ba.

Na taho da ita Dapaong, na nemi wata malama a unguwarmu, na sayi nawa allon. Kullum da hantsi muna kan tabarma ɗaya, 'yar shekara takwas tana gyara mini baƙi tana ƙyalƙyala dariya. Ƙuli-ƙulin da ya ƙone kam, Allah kaɗai ya san yawansa. Ranar da ta yi kuka ta ce ta gaji, ni ma na yi nawa, muka share ido muka ci gaba.

Da hutu ya ƙare muka koma zauren. Yarinyar ta tanƙwashe ƙafa ta biya ƙarin sura uku, ko tuntuɓe babu. Uku! Na rangaɗa guɗa a zauren Malam, kunya ta zo daga baya. Uban ya ce, "Allah ya yi albarka."

Hutun da ya biyo baya ban buga waya ba. Shi ya kira ni.

"Ta hau motar safe," ya ce. "Allon yana cikin jaka."