Dankalin da Mahaifina Ya Ƙi Tugewa

Ranar wata Alhamis a tsakiyar marka, 'yan shekaru kafin Turawa su miƙa mulki, na tsaya a gonarmu ta Kwaciri ina duban farin yashi shimfiɗe a bisa geronmu. Rafi ne ya ɓalle da asuba, ya kwantar da geron da ya riga ya fid da kai, ya binne shi. Ina 'yar shekara tara a sa'an nan.  Mahaifina ya auna zurfin yashin da ƙotar fartanya, kana muka kama hanyar gida Fagge.

Kashegari ya tafi Sabon Gari wurin wata 'yar kasuwa mutuniyar Kudu, wadda ta saba sayen kayan lambunmu, ta sa aka yanko masa yaɗon dankali a bayan gidanta. Kwana shida muka yi a kan aiki guda: shi yana huɗa da garma, ni da ƙannena muna dasawa muna danne gindin da diddige. In rana ta take mu ci ɗumame a inuwar ɗorawa, mu yi carafke da tsakuwar da ruwan ya kawo. Kafin mako uku gonar ta yi kore shar.

Ana nan sai mai shela ya zaga da sanarwa cewa hukuma za ta raba hatsi ga manoman da ruwa ya yi wa ɓarna, amma sai malamin gona ya gani da idonsa. Rumbunmu kuwa ya kai ƙasa, har Inna ta mai da tuwonmu kunu. Kawu Sale, ƙanen mahaifina, wanda ya bar tasa gonar yadda ruwa ya bar ta, ya zo zaure ya ce, "Yaya, wa zai ga koren nan ya yarda an yi maka ɓarna? A tuge shi, a baje kunyar, in an ba ka hatsin ka sake dasawa." Baba ya ce, "Damina za ta jira ni ne, Sale? Abin da 'ya'yana suka dasa da hannunsu ba na tuge shi domin in zama abin tausayi."

Malamin gona ya zo bisa keke, ya dubi gonar, ya ce ai wannan lafiyayya ce. Baba ya tona tsakanin kunya biyu, ya zaro ruɓaɓɓiyar zangarniyar gero, ya miƙa masa. Malamin ya ce shi abin da ke bisa ƙasa aka umarce shi ya duba. Baba ya karɓe zangarniyarsa ya ce, "To, Malam, ka gani. Gusar mini da kekenka, yana taka mini shuka."

Ko ƙwaya ba a ba mu ba. Wata biyu muka yi a kan tsararon kunu da ganyen tafasa, har wuyan ƙanena ya zama kamar kara. Hatsin da aka ba Kawu kuwa bai kai kaka ba. Ran da aka haƙe dankalin, Baba ya ɗora mini kwandon farko ya aike ni gidan Kawu, ya hore ni kada in ƙara kome a kan gaisuwa.

Yau gidaje sun cinye gonar nan. Nakan ga ana tsai da dattawa gaban kayan agaji ana ɗaukarsu hoto, kai a sunkuye, sai kewar mutanen wancan zamani ta kama ni. Mun ji yunwa a shekarar nan, amma ba wanda ya gan mu a durƙushe.