Attajirin Laka

Shekara goma sha ɗaya ina ba mutumin nan ruwan wankin hotona kyauta, har da yi masa dariya.

Shagona na ɗaukar hoto yana bakin babbar kasuwar Garwa, nasa yana tsallaken titi. Kirista ne da ya sauko daga duwatsun arewa, kuma tsakani da Allah bai iya hoto ba. In ya ɗauki mutum, ko ya datse masa hula ko ya fito da shi baƙi ƙirin. Amare da alhazai wurina suke zuwa, shi kuwa sai masu neman katin shaida.

Duk Asabar sai ya tsallako da jarka biyu.

"Patron, maigida, ruwan nan in ya gaji kar ka zubar, ina so."

Ruwan da ake tsoma hoto a ciki ne don kada ya dushe, in ƙarfinsa ya ƙare sai kwata. Na tambaye shi me yake yi da shi, ya ce akwai azurfa a ciki, wadda ruwan ke wankowa daga jikin takarda. Na yi dariya har da ƙwalla. Ya ja ni bayan shagonsa ya nuna mini bokitai: soson ƙarfe jiƙe cikin ruwa mai wari, baƙar laka kwance a ƙasa. Daga ranar na raɗa masa suna attajirin laka.

Da wayar hannu mai ɗaukar hoto ta zo, mu duka muka rufe shago.

'Yata ɗaya ce tal. Da aurenta ya tashi zuwa Bibémi, na ƙudurta ni zan ba ta abin da ba za ta rabu da shi ba. Wata biyu ina jera mata hotunanta a albam, tun daga ranar suna har gama makaranta, duk aikin hannuna. Ta karɓa ta yi kuka, na ji daɗi.

Ana shirin tafiya da ita sai ga attajirin laka da ƙullin hankici. Ya kwance: awarwaro biyu na azurfa, suna ƙyalli.

"Ɗiyata, wannan ruwan babanki ne," in ji shi. "Lakar shagonsa daban na ajiye. Na shanya, na kai wa maƙeri ya narka. Har wankin hotunanki yana ciki."

Mata suka rangaɗa guɗa. Na ce masa useko, na gode, ina murmushin dole. Kishi ne, ba na ɓoyewa. Azurfata ce, a ɗakina ta kwana, da hannuna na ɗura masa ita a jarka. Ko gori bai yi mini ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Bara na je Bibémi ganin jikana. Na tarar da 'yata tana wanke-wanke, awarwaron a hannunta, har sun fara sirancewa don sawa. Bayan mun gaisa na ce ta ɗauko albam in nuna wa yaron uwarsa tana jaririya.

"Yana cikin akwati, Baba. Bari in nemo makullin."

Ina zaune a tsakar gida ina jin ƙarar awarwaron daga ɗaki, tana ta ɗage-ɗagen kaya. Har lokacin motar komawa gida ya yi makullin bai fito ba.