Zane Ba Ya Kwana a Gidan Zubaidatu

Yara da yawa a Jidda sun yi wayo da aikin hannun Zubaidatu a cikin jakunkunansu, ba su san da ita ba. Raƙumin nan mai atishawa a littafin koyon baƙaƙe, ita ta zana shi. Haka kyanwar da ta maƙale a tagar katako, da yaran da ke wanke hannu kafin cin abinci. Shekara talatin da biyu tana wannan aiki, ba a taɓa buga sunanta a bangon littafi ba, domin iƙamarta, wato takardar izinin zamanta a ƙasar, cewa ta yi ita mai aikin gida ce, kuma a wannan gari abin da takarda ta ce shi ne kai.

A unguwar Mahjar ta nan Jidda aka haife ta. Kakanninta sun baro ƙasar Hausa da ƙafa da niyyar aikin hajji, tafiya ta tsaya musu a Sudan har suka haifi 'ya'ya a can. Mahaifinta, Malam Zaharaddeen, shi ne ya ƙarasa ƙetare tekun, ya kafa keken ɗinki a wani lungu na unguwar Bab Makka. Da allin ɗinkinsa ta fara zane a kan ƙyallayen da ya yar. Ranar da ya kama ta ta zana fuskar maƙwabciyarsu har da haƙorin makka, bai dake ta ba. Ya daɗe yana kallon ƙyallen, don kamannin sun yi yawa, sannan ya yanke hukunci. Ta yi zanenta, tunda Allah ne ya ba ta, amma duk abin da ke da rai ba zai kwana a gidansa ba, kada ya hana mala'ikun rahama shigowa. Kafin magariba zane ya fita, kuma abin da ya fita ba ya dawowa.

Malam ya rasu da daɗewa, dokarsa ba ta rasu ba. Zubaidatu ta tafi da ita gidan aurenta kamar yadda ake tafiya da tukunya. Mutanen nan haka suke: an raba su da ƙasa, an raba su da takarda, abin da uba ya faɗa shi kaɗai ya rage musu, sai su riƙe shi da hannu bibbiyu.

Wani ƙaramin kamfanin buga littattafai a unguwar Sharafiyya take yi wa aiki, na wani Thamer, mutum mai fara'a da yawan mantuwa. Tun ranar farko ya nuna mata kalar da ake yi wa fatar yara a littattafansa, kalar shayin da madara ta yi wa yawa. Bai faɗa da wulaƙanci ba, kuma abin da ya fi ciwo ke nan, shi ko a ransa bai ga abin magana a ciki ba. Ita ma ba ta yi gardama ba. Da baƙin hannunta ta zana dubban fararen yara, tana gamawa mijinta Salihu, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, ya ɗora su a bayan babur ya kai Sharafiyya kafin a kira salla.

'Ya ɗaya Allah ya ba su, Sajida. Da yake 'yar fari ce, Zubaidatu ta yi mata kunyar da ta gada. Ba ta kiran sunanta, sai dai "ke" ko "yarinyar nan". Ba ta ɗora ta a cinya in da mutane, ba ta yabonta, in ma kallonta za ta yi sai ta saci ido. Maƙwabtansu Larabawa suna mamakin wannan uwa mai taurin zuciya. Ba su san cewa duk wani lungu na fuskar yarinyar a haddace yake a kanta ba. Sajida tana da shekara bakwai zazzaɓin sauro ya shigo unguwar, ya ɗauke ta cikin kwana biyar. Babu hotonta ko ɗaya a gidan. Wanda ke cikin takardun iƙama na jarirantaka ne, shi ma an karɓe shi ranar da aka soke sunanta.

Zubaidatu ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Bayan kwana arba'in ta koma kan tabarmar aikinta. Shekara goma sha bakwai tana ɗauke da fuskar nan a zuci, ba ta taɓa sa ta a takarda ba, don ta san duk abin da ta zana kafin magariba zai bar ta.

Sai ciwon sukari ya sauka a idonta. Da farko layi ne ya riƙa karkacewa, daga baya tsakiyar duk abin da ta kalla ya fara dushewa. Likita bai ɓoye mata ba, ya ce ta yi abin da za ta yi da idon a cikin shekarar nan. Abin da ya tsorata ta ba makantar ba ce. Ta lura tun da idon ya fara tafiya, fuskar da ke zuciyarta ita ma ta fara yin hazo, sai ta yi da gaske kafin ta haɗo ta.

A cikin wannan hali Thamer ya aiko mata da kwalin littattafan waje da ya saya a baje kolin littattafai, wai ta duba yadda ake zana dabbobi yanzu. A cikinsu akwai wani daga Amurka. Ba ta jin Turanci, amma da ta ɗora gilashin ƙara girma a kan shafin farko sai hannunta ya tsaya. Yarinya ce baƙa wuluk, da kitso, da kaushi a gwiwa, tana tsalle a kan igiya. Ba a gefe aka ajiye ta ba, ba kuma hidima take yi wa kowa ba, littafin nata ne daga farko har ƙarshe. A bangon baya ga hoton wadda ta zana, wata tsohuwa baƙar fata mai furfura, tana dariya kamar ba ta taɓa jin tsoron kowa ba. Zubaidatu ta ji kishi, ta ji kunya, ta kuma ji haushin kanta. Ashe ana yi. Ashe fentin da ke ƙasan akwatinta, wanda take kashewa a kan kututturen dabino da ƙofofi, yana iya zama fuskar ɗan mutum.

A ranar ta sa abayarta ta tafi Sharafiyya da kanta, abin da ta yi shekaru ba ta yi ba.

"Ya Ummu Sajida, lafiya? Ina Salihu?" in ji Thamer.

"Lafiya lau, Ustaz. Alfarma na zo nema. Littafi ɗaya nake so in yi, na ƙarshe. Yarinyar da ke ciki kamar mu za ta kasance, kalarmu, hancinmu, gashinmu."

Ya sosa gemu, ya dubi littafin Amurkan da ta ajiye masa a tebur. "Zamani ya canza, wallahi. Shi ke nan, ki yi. Kuma wannan karon zan san yadda zan yi sunanki ya fito a bango."

"Sunan bai dame ni ba. Kada dai a taɓa fuskar."

"A kaina da idona," in ji shi. Da gaske yake a lokacin da ya faɗa.

Wata huɗu ta yi tana aikin. Labarin ba wani mai tsawo ba ne, yarinya ce aka aika sayen burodi ta bi tattabaru har bakin teku. Da hantsi take zama a bakin ƙofa inda haske ya fi ƙarfi, hancinta kusan yana taɓa takarda. Idon ya kai inda abu mai haske a kan farar takarda ya ɓace mata, mai duhu kaɗai take gani. Wannan ya yi mata daidai, domin fuskar Sajida ta fito mata sarai a kowane shafi. Ranar da ta gama na farko, Salihu ya dawo daga aiki ya leƙa, sai jakar kayan gyaransa ta suɓuce daga hannunsa. Ya zauna a ƙasa da kayan aikin a jikinsa, babban mutum, yana share ido da bayan hannu.

"Zubaida, wannan ɗaya dai ki bari ya kwana," ya ce.

"Malam, ka san ba ya kwana."

"To bari in ɗauka a waya."

"Ita wayar a ina take kwana?"

Ya miƙe. Ya naɗe takardar a tsumma mai tsabta ya hau babur. Sau goma sha shida ya yi wannan tafiya, kowane shafi da ranarsa. Ita kuwa hankalinta kwance, tana cewa in an buga littafin za a ajiye mata guda a shagon ɗan'uwan Salihu a Bab Makka, ta riƙa zuwa tana gani da rana muddin idon yana gani.

Abin da ba ta sani ba shi ne, shekara biyu ke nan ana gyara mata aiki a ɓoye. Tun da idonta ya fara rauni fentinta yake zuwa da nauyi, sama ta yi duhu, yashi ya yi ja. Arwa, matar da ke ɗaukar zane a na'ura tana shirya shi a kwamfuta, takan mayar da kowace kala yadda aka saba ba tare da ta gaya wa kowa ba, don kada a karya wa dattijuwa zuciya. Thamer ya manta bai faɗa mata komai game da wannan littafi ba. Da shafukan suka fara zuwa ta ga fatar yarinyar, sai tausayi ya kama ta, ta ce ciwon ya yi nisa. Ta zauna ta gyara su ɗaya bayan ɗaya da iyakar ƙwarewarta.

Ranar da aka gama bugawa, bayan la'asar Salihu ya shigo da littafin a cikin ledarsa, ko buɗewa bai yi ba, yana so ita ta fara gani. Ta fito bakin ƙofa ta zauna, ta yi bisimilla, ta ɗora gilashi a shafin farko. Ga rigar nan shuɗiya. Ga kitson. Ga tattabaru. Tsakanin kitson da wuyan rigar babu komai, fari fat kamar sauran takardar. Ta juya na biyu, ta juya na uku, ta karkata littafin wajen rana.

"Malam, idon ne ya ƙarasa? Ba na ganinta."

Salihu ya karɓa. Ya juya shafukan ɗaya bayan ɗaya har na ƙarshe.

"Ba idonki ba ne," ya ce. "Ba ita ba ce. Wata farar yarinya ce mai siririn hanci. Har tabon girarta sun share."

Da safe suka isa Sharafiyya. Thamer ya tarbe su da murna yana nuna mata sunanta a bango da manyan baƙaƙe, sai da ya ga fuskar Salihu murnar ta koma ciki. Aka kira Arwa. Da ta gane abin da ta yi, ta toshe baki da hannu ta fashe da kuka, tana ta cewa, "Ki yafe mini, ya khala, innata, wallahi alheri na nufa." Zubaidatu ta san gaskiya take faɗa, shi ya sa ma ta rasa wanda za ta yi wa fushi. Ta ce a ba ta takardunta na asali kawai. Aka dubi juna. Shekara talatin da biyu ba ta taɓa neman zane ya dawo ba, don haka da an ɗauka a na'ura sai a haɗa da tarkacen takardu, mai shara ya kwashe duk Alhamis. A kwamfuta kuwa, a kan na asalin Arwa ta ajiye gyaranta.

"Ma'alesh, yi haƙuri, ya Ummu Sajida. Ki sake zanawa, ni kuma in sake bugawa, ko sau nawa ne," in ji Thamer.

Ta ce to. Ta gwada kuwa. Kwana uku tana zama a bakin ƙofa da hantsi, amma idon da ya yi aikin wata huɗu ba shi ne wannan ba, bakin buroshin ma ba ta ganin inda yake sauka. Abin da ya fi wannan muni, da ta rufe ido ta nemi fuskar a inda ta saba samunta, sai ta tarar ta juye ta duka a takardun nan, ta saki jiki ta daina riƙo. Goshin yana zuwa, bakin ya ƙi. In bakin ya zo, idanun sun tafi.

A rana ta uku Salihu bai fita aiki ba, yana zaune kusa da ita yana riƙe mata kwanon ruwan fenti. Ta zana da'irar fuska, ta ja gira biyu da lalube, ta tsaya da buroshi a sama.

"Malam, tabon nan, a girar dama yake ko ta hagu?"

Ya buɗe baki zai amsa. Ya ɗaga hannu ya taɓa girarsa ta dama, ya sauke, ya taɓa ta hagu. Tana jira, fenti yana ɗiga a kan takardar.

"Ban sani ba, Zubaida," ya ce. "Ke nake tambaya duk shekarun nan."