Buroshin Bayan Kunnen Baba Tanko

Duk wanda ya san Baba Tanko mai zanen alluna a bakin kasuwar Makarfi ya san buroshin nan da ke maƙale a bayan kunnensa. Da shi yake sosa ƙeya, da shi yake nuna hanya, amma ɗan koyo bai isa ya taɓa ba. Mu 'yan koyo a ruwa muke tsoma namu, mu yi ta zane a bangon siminti, rana ta shanye.

Nakan ce, "Baba, yaushe zan taɓa fenti?"

"Ranar da bangon nan ya daina yi maka dariya."

Ga tsumulmula! Zamanin tsuke bakin aljihu ne, sai ya riƙa tsinka fenti da kananzir. Wani direban Ikara ya zo yana faɗa, wai zakin da aka zana masa a mota ya fito kamar mai jinya. Baba ya ce, "Yo a mulkin nan wane zaki ne ya ƙoshi?"

Rannan motar soja ta tsaya ƙofar shagonmu. Saje ya diro da dorina: gwamna zai wuce, ana son allon maraba da tambarin ƙasa kafin la'asar. In dawakin tambarin suka karkace, za a rufe shago, mai zane ya sha bulala.

Baba ya zare buroshin ya miƙo mini. "Ni zan ɓata hannuna a ɗan wannan aikin? Sale, tashi."

Na tashi na karɓa.

"Tsoho, in yaron ya ɓata fa?" in ji Saje.

Wallahi sai Baba ya tuɓe riga, ya zauna, ya juya masa baya. "Ga shi nan, ranka ya daɗe, kada ka wahala nema."

Ina zane gumi na ɗiga, shi kuwa yana ta cewa, "Bango ne, Sale, bango ne." Na gama, Saje ya ƙare wa allon kallo, ya sa aka loda.

"Dokin hagu ya fi cin dusa," in ji Baba. "Ba ni ruwa."

Da ya karɓi kofin ne na ga hannunsa na karkarwa, ruwa na zuba a cinyarsa. Ashe ya daɗe yana ɓoye mana. Na miƙa masa buroshin, ya maƙala shi a kunnena.

Allah Ya jiƙan Baba Tanko. Yadda ya tare mini da bayansa, Allah Ya tare masa wuta.