Hannun da Na Fizge

A gidan da na yi haya a unguwar Faisal, wani ɗan Italiya ne a samana, mai busa ƙahon tagulla. Ni da na zo Alƙahira karatun fiƙihu, sai ga mabushi an ɗora mini a ka. Ranar da haƙurina ya ƙare na hau na doki ƙofarsa da niyyar in wanke shi tas. Ya buɗe yana murmushi, ya miƙo mini littafin Larabcinsa, wai in duba masa darasi. Haka na zama malaminsa ba shiri.

A wajen darasin nake jin tarihin ƙungiyarsu ta makaɗa. Leburorin tashar jirgin ruwa ne suka kafa ta a tsakiyar wani yajin aiki. Kiɗan nasu ska-pank suke ce masa, ganga a guje, ƙaho na tsalle a kanta, waƙar kuma caccakar masu mulki zalla. Shi ba ya lissafa tarihin da shekaru, da tabo yake lissafa shi. Mai gangarsu an karya masa yatsu a wata zanga-zanga. Mawaƙin an rotsa masa kwalba a goshi saboda ya tsaya wa baƙin haure. Mabushinsu na farko, wanda ya koya masa, kulki ɗaya ya zubar masa da haƙoran gaba, bai sake busa ba har ya mutu. Tun daga nan suka kafa doka: in duka ya zo, mabushi ya toshe bakinsa da hannu biyu, ya bar musu sauran jikin.

Na yi masa dariya har da hawaye. Na ce mu a wajenmu kai ake karewa, ko a ranta a na kare. Ya ce saura wata biyu ya koma gida, za su yi wa wasu korarrun ma'aikata wasa, kuma babu wani mabushi sai shi.

Kwanakin nan gari ya rikice, duk baƙon fuska abin zargi ne. Wata rana bayan azahar muna jiran ƙaramar bas a bakin titi, yana riƙe da akwatin ƙahonsa, sai wani ya nuna shi ya ce ɗan leƙen asiri ne. Kafin in buɗe baki an kewaye mu. Aka fasa akwatin, ƙaho ya faɗo, amma babu wanda ya huce. Mari ya fara sauka, sai naushi, sai sanda. Ya durƙusa, hannayensa biyu a kan baki, ana taka shi a haƙarƙari, jini na bin kunnensa, ko motsi bai yi ba.

Raina ya ɓaci da shi fiye da su. Mutum ana neman kashe shi ya tsuguna yana gadin leɓe! Na hango 'yar kafa tsakanin wasu motoci biyu. Na kutsa, na cafki wuyan hannunsa, na fizge da dukan ƙarfina.

"Yalla, tashi mu gudu!"

Daidai lokacin sandar ta sauko. Na ji ƙararta a kan haƙoransa, har yau ina jin ta. Da suka ga jinin ya yi yawa sai suka fara zamewa, wani dattijo ma ya kawo ruwa.

An ɗinke leɓen, haƙora uku sun tafi. Na tsaya a bakin gadonsa na kasa haɗa ido da shi, kunya da baƙin ciki sun cika ni. Ya kamo hannuna, wanda ya yi aika-aikar, ya ce da ƙyar, "Ma'alish, ya ustaz," wato ba komai, malam.

Ya ƙara sati uku a samana kafin ya tafi. Shirun da na hau bene nema tun farko na same shi cikakke, amma ko shafi ɗaya na kasa karantawa.