Zakaran da Ya Narke

Shekarar da munka yi sunan ɗiyata ta fari, maigida ya manta bai aika ma gwaggonshi ta Gaya goro ba. Wata bakwai ba ta ɗauki wayarshi ba. Ya taɓa ƙetare gada zuwa Gaya da buhun shinkafa, ta sa mai kabu-kabu ya maido buhun har ƙofar gidanmu a Malanbil. Abin ya tsaya mini a rai, don ita ta rene shi, kuma fushin wadda ta goya mutum ba abin wasa ba ne wurin Allah.

Ran nan sai munka ji za ta shigo kasuwa sayen albasa, kuma za ta biyo ta ga jinjira. "Jinjira kawai," in ji ta.

Na ce to, da miya zan tausasa zuciyarta. Maigida ya kawo zakara daga ƙauyen Gene, wani tsoho mai kallon mutane kamar jandarma. Ina jin ya girmi aurenmu. Da anka yanka na latsa cinyar, sai ka ce tayar mashin.

Maƙwabciyata 'yar Dendi ta ce in naɗe naman cikin ganyen gwanda. Matar mai gidan da muke haya ta ce kanwa. Ƙawata ta makaranta ta ce in jefa cokali cikin tukunya. Ni kuwa ban iya ƙin shawara ba, kar wata ta ga na raina ta. Sai na yi duka uku, kowanne da bisimilla. Ba wadda ta gaya mini awo. Naman ya sha ganye tun safe har azahar, kanwa kuma na sa dunƙule guda.

Bayan la'asar Gwaggo ta iso, tana bisa tabarma ta juya ma maigida baya, na buɗe tukunya. Babu zakara. Ƙashi na yawo cikin wani abu kamar kunu. Na yi salati a hankali, na zuba bisa shinkafa na kai.

Ta sa hannu ta laluba.

"Ke 'yar nan, ina naman?"

"Yana ciki, Gwaggo."

"Ina?"

"Ko'ina."

Ta sake lalubawa, ta zaro cokalin. A ruɗe na kwaso shi ban gani ba. Ta ɗaga shi, ta juya wajen maigida.

"Kai, shashasha, cokali kake yanka ma iyalinka?"

Maganarta ta farko ke nan gare shi. Ya ce, "A yi haƙuri, Gwaggo," yana ta murmushi kamar an yi mashi albishir.

Daga nan baki ya buɗe. Ta wanke shi tas, tun daga goron har wata akuyarta da ya bari ta ɓace yana yaro, tana faɗa tana kai loma. Sai da anka kira magariba ta tsaya, ta ce a ba ta buta, a kuma gyara mata wurin kwana.